Shekarar da Na Kai Yayanku Awo Bonkuku

Na gaji da jin "irin ta Inna". Ran sunan jikan nan na baya, ina zaune bakin ɗaki ana rabon goro, na ji matar ɗayanku tana ce ma ƴar'uwarta in yaro na tafiya daidai a lakkol, makarantar boko, a ƙyale shi, kada a yi mashi irin ta Inna. Sunka yi dariya, sunka juyo sunka gan ni, dariyar ta mutu. Amma na gane maganar ta yi ƙafa, ta fita gidan nan ta shiga bakin surukai, kuma in na mutu haka za ta zauna: wai ni, Biba mai awo, na ɗauko yaro daga saman aji na jefo shi ƙasa don jahilci da neman suna. Shi ya sa na zaunar da ɗiyata Rabi da biro. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma jin kunyar haka. Rabi ta ga rabin abin da idonta tana ƙarama, sauran rabin yau za ta ji shi tare da ku. Sunan yayanku ba za shi fito cikin wagga magana ba. Ɗan farina ne, kun san uwa ba ta faɗi. Sau ɗaya na faɗe shi a duniya, kuma za ku ji inda.

Zamanin soja ne, bayan babbar yunwa, lokacin da mutanen Filinge ke sauke murya in sun hango kaki, ko da na mai gadin likita ne. Lakkol ta gwamnati ce, mushe, wato malamin lakkol, na gwamnati ne, abin da mushe ya faɗa kuwa kamar kumandan mai mulkin gari ne ya faɗa. Yayanku bai shiga lakkol da wuri ba. Kakarku Gambi, uwar ubanku, ita ta goye shi tun yaye kamar yadda ake yi ma ɗan fari, kuma ita ta ɓoye shi. Duk sa'ad da anka ce masu rubuta yara sun taso, sai ta aika shi rugar danginta wajen Sanam shi yi kiwon awaki har ƙura ta lafa. Da anka kama shi daga baya, anka ce shi ɗora hannu bisa kai shi taɓo kunne, don haka ake gane yaro ya isa, hannunshi ya wuce kunnen ya kusa kai haɓa. Ku riƙe wannan, za shi dawo.

Da ya shiga kuwa sai ya zama wuta. Na ɗaya, na ɗaya, kowace shekara na ɗaya. In babban baƙo ya zo daga Yamai, shi ake tsaidawa gaban jama'a shi zuba faransanci kamar ruwan sama bisa kwano. Har littafi anka ba shi kyauta, alhali ajin duka littafi guda ke gare su, hannun mushe. Ubanku, Allah shi jiƙanshi, manomi ne da damina, tela da rani, ya soma ganin kanshi uban ma'aikaci. Abokanshi na rumfar ɗinki sun laƙa ma yaron Ƙaramin Kumandan. Kakarku da ta ɓoye shi cikin awaki ita ce yanzu ke bin gidajen suna tana cewa nonon akuyar Sanam ne ya buɗe mashi kai. Ni ba ni da bakin yabonshi, ba ni ma kallonshi ido cikin ido, amma in an yabe shi kasuwa ina ji har tafin ƙafata. Na kuma san inda ya gado. Ni tun ina yarinya in na ji tatsuniya sau ɗaya ta zama tawa, da waƙarta da muryar kura da muryar gizo. Yaron kunnena ya ɗauko.

To kunnen nan ne ya tona. Wata la'asar, shina aji biyar, ina tsintar wake tsakar gida, shi kuma ya shimfiɗa tabarma gindin rumbu shina ma ubanshi karatu. Ban jin faransanci, amma ina jin magana. Ya kai wani wuri ya yi tari, ƙeh-ƙeh, ya wuce. Washegari ya sake karanta wurin, ya kai nan, ya yi tari. Ran nan ma haka. Yaron lafiyarshi lau. Tarin kuma na san shi, na mushensu ne, wani siririn saurayi da ke sayen wake wurina. Sai na bar tsintar na dubi idon yaron. Yatsa na bisa takarda, baki na gudu, ido na bin kaji. Mai tatsuniya ta san mai zubowa daga ciki. Da ya tashi shan ruwa na miƙa hannu na juya mashi ganye biyu. Inda shike akwai hoton mace da tulu, inda na kai shi akwai hoton babbar mota. Ya dawo ya zauna, ya ɗora yatsa ƙarƙashin motar, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko gezau. Ubanku na gyaɗa kai shina murmushi. Ni kuwa waken ya koma mini tsakuwa a hannu.

Uwata da ta koya mini awo ta ce kada in taɓa sayen hatsi da tiyar mai hatsi. Ba don shi ɓarawo ne ba. Tiya ce ke sabawa da mai ita, gindinta shi lotsa, bakinta shi buɗe, har ta koyi faɗin abin da shike so. In gardama ta tashi kasuwa, ba a rantsuwa, ba a zagi, sai a ɗauki hatsin a kai ma wata mai awo can gefe wadda ba ta san mai saye ba, ba ta san mai sayarwa ba, ta auna da tata. Tiyar baƙo muke ce mata. Mushe shi ya shuka, shi ya girbe, shi ya auna, shi ya ce ta cika. Ni ban ga laifin in kai hatsina tiyar baƙo ba. Wata mai tabarmi da ke zuwa kasuwarmu daga Bonkuku ta taɓa ba ni labarin wani tsohon mushe can garinsu, Mushe Sumana, wanda ya aje aiki, iyaye na kai mashi ɗiyansu a ɓoye shi gwada su, shi faɗa masu gaskiyar abin da ke kansu.

Na tada maganar da hantsi, ubanku na bisa keken ɗinki, kakarku na jiƙa goro.

"Malam, yaron nan ba karatu shike ba. Haddacewa shike."

Keken ya tsaya. "Wane yaro?"

"Na wajen Iya."

Kakarku ta tofar da goron. "La ilaha illallahu. Kunya ta ƙare ƙasarmu ta Kurfai. Ke, ina ruwan uwa da ɗan fari? Ni da na goye shi ban ga aibu ba, sai ke da ko sunanshi ba ki da ikon faɗi?"

"Iya, ban faɗi sunanshi ba. Na faɗi abin da na gani."

"Kin gani! Da wane ido? Baƙi guda kin sani? In an rubuta sunanki bisa buhu kina iya cewa naki ne?"

"Ban iyawa. Shi ma ba shi iyawa, abin da nike faɗi ke nan."

Ubanku ya duba ƙofar gida kafin shi yi magana, don zamanin nan haka ake yi. "Biba, so kike a kai ni gaban kumandan? Mushe ya ce na ɗaya, diraktan lakkol ya sa hannu, baƙon Yamai ya shafa mashi kai, ke mai awon wake kin ce a'a. Wa za shi saurare ki? Rufa mana asiri."

Na rufa, har ran kasuwar Bonkuku. Na ce ina da wake da zan kai, ina son mai tsare mini buhu. Kakarku ta yi mini wani kallo, amma ba ta da abin cewa, don yaro ɗaukar kaya aikinshi ne. Munka hau motar kasuwa bisa buhunan jama'a, ni can, shi can, kamar baƙi. Tun da anka yaye shi ba mu taɓa tafiya tare ba. Duk hanya ina kallon goribar dallol, kwarin nan namu, tana wucewa, ina roƙon Allah shi sa ni ce makauniyar, a yi mini dariya in komo gida.

Mushe Sumana gajeren tsoho ne Bazabarme, mun iske shi gindin iccen bedi shina yanka ma awakinshi harawa. Hausarshi karkatacciya ce, mace da namiji duk ɗaya wurinshi.

"Fofo, fofo. Bakurfaya da kanta? Ku da ba ku yarda kowa ya fi ku sani, mi ya kawo ki ƙofar Bazabarme?"

"Awo na kawo, Baba Mushe."

"Awo. To zamna can, ki bar mu, mu maza."

Na matsa, amma ba nisa ba. Ya ba yaron ruwa, ya tambaye shi awakin Sanam, ya sa shi dariya. Sa'an nan ya ce shi buɗe littafinshi. Yaron ya miƙe ya zuba. Tsohon ya rufe ido shina gyaɗa kai, har anka kai wurin tarin, sai ya buɗe ido ya ƙyalƙyale.

"Wanga tari na san mai shi. Ni na koya mashi baƙi, tun shina ƙarami shike yinshi."

Ya karɓi littafin ya zauna bisa. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin sukari wanda ba komi ciki, ya miƙa ma yaron, ya ce karanta mini abin da ke jiki. Ɗiyana, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Akuya na tauna, wata mata na daka can bayan danga, yayanku na riƙe da kwalin sukari da hannu biyu, leɓenshi na motsi ba abin da ke fita. Ya kamo kalma guda, tsohon ya ce madalla, ta gaba fa? Shiru. Tsohon ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta wani abu da yatsa. Shiru. Sai ya koma lissafi, nan kuwa yaron ya farfaɗo, kafin a rufe baki ya ba da amsa. Tsohon ya aike shi shi ba awaki ruwa can ƙarshen gida, ya juyo wurina.

"Kan yaron ba fanko ba ne. Kunnenta ne ya cinye idonta. Wasu kalmomi ta san fuskarsu, kamar yadda kinka san fuskar mutanen kasuwa. Amma in baƙuwar kalma ta zo, ba ta san yadda ake gaishe ta ba. Aji cike da yara, littafi guda, mushe na faɗi suna maimaitawa, jarrabawa kuma abin da anka maimaita ne. Mai kunne irin wanga sai shi wuce ba wanda ya lura."

"Mi ne maganin?"

"Baya. A sauke ta da aji biyu, a sake mata harsashi."

"In an ƙyale shi fa?"

"Za ta kai aji shida da tutarta. Ran jarrabawar sartifika takarda ta zo daga Yamai a liƙe, wadda ba wanda ya taɓa karanta mata. Na ga irinta sun faɗi, na ga wanda lissafi ya ɗauke shi ya tsallake da ƙyar. Ni ba ni sayar da tabbas." Ya dubi yaron daga nesa, ya dubi tsawonshi. "Amma ji nan, kada gobe ki ce Bazabarme ya ɓoye miki. Yaron ta shiga lakkol a makare. Ƙofar kwaleji gajera ce, akwai shekarun da in an wuce ba a shiga. In ta koma baya za ta iya karatu, kwaleji kuwa sai dai ta gani daga waje."

Rabi, rubuta wannan da kyau. Kun daɗe kuna cewa ban san da maganar shekaru ba, wai jahilci ne ya ja ni na faɗa rami da ɗan mutane. Na sani. An faɗa mini gindin bedi, da rana tsaka, da Hausar da ba ta da wuyar ganewa.

Na ce shi rubuta mini takarda in kai ma dirakta. Ya ɗaga hannu biyu.

"Ni? Soja ke mulki, ɗiyata, fanshona hannunsu shike. Mushen yaron kuma ɗana ne na lakkol. Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba. Kin kawo awo, na auna. Abin da za ki yi da hatsin, naki ne."

Na aje mashi wake cikin ƙwarya, munka fito. Bakin kasuwa, muna jiran mota, yayanku ya matso kusa da ni. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai ran nan. Idonshi na ƙasa.

"Inna, kada ki faɗa ma kowa. Zan koya da kaina. Wallahi zan koya."

Mota ta zo, munka hau. Na ba shi lokaci, Allah shaida ne. Na yi shiru har anka gama sussuka. Ina ganinshi bayan rumbu da littafin, ba shi zubawa yanzu, shina kallon baƙaƙen kamar mai kallon rijiya, wani lokaci shi goge ido da gefen riga. Wa za shi tambaya? Ƙaramin Kumandan shi je wurin wa shi ce koya mini baƙi? Girman da anka ɗora mashi ya rufe mashi kowace ƙofa. Wata rana na aje buhun taki mai rubutu a jiki inda za shi gani, na ga ya tsaya kanshi, ya daɗe, ya wuce. Na auna abin cikin raina yadda nike auna komi. Gefe guda kwaleji, wadda ba tabbas. Gefe guda ido mai karatu, wanda tsohon ya ce tabbas ne. In na yi shiru ya faɗi, ya tashi ba ofis ba karatu, sai bakin faransancin da ba shi ciyar da kowa. Na ga waɗanda yunwa ta kora birni ana dangwala masu yatsa bisa takardar da ba su san mi ke ciki ba. Ni kaina an dangwala mini.

Da safe na yafa gyale na tsaya gaban keken ubanku, na ce lakkol za ni. Na faɗa mashi abin da anka auna. Maganar shekaru ce ban faɗa ba, don na san in ya ji za shi ɗaure ni da igiyar rantsuwa. Ya daɗe shina kallon allura.

"Ban hana ki ba, ban aike ki ba."

Ga abin da ban lissafa ba. Shekarar nan iska ta ɗauke rufin ofishin dirakta, teburinshi na cikin rumfar kara, jingine da rumfunan azuzuwa, ba abin da ya raba su sai zana. Ni kuwa muryata ta kasuwa ce, ko raɗa na yi ana ji daga mahauta. Dirakta mutum ne mai furfura kaɗan da jajayen idanu, ya saurare ni ba tare da ya ce in zauna ba.

"Wa ya ce miki ba shi iya karatu?"

"An auna."

"Wa ya auna?"

"Tiyar baƙo, Mushe. Ba ta da suna."

"Kin san abin da kike faɗi? Aikin gwamnati kike zargi."

"Ban zargi kowa ba. Ga yaron, ga ka. Ba shi abin da bai taɓa ji ba. In ya karanta, ka sa a kai ni inda ake kai masu ƙarya."

Ya ja babban littafin sunaye gabanshi. "Sunan yaron."

Na ce ɗan gidan tela ne, na aji biyar, wanda ke zuwa na ɗaya. Ya ce bai tambaye ni tarihi ba, suna ya tambaya, in uwarshi ce ni in faɗa, in ba haka ba ga hanya. Ya san al'ada sarai, ɗan ƙasar nan ne. Ina jin so shike in juya in tafi, kowa shi huta. Na ji rumfunan sun yi tsit, na ga idanu cikin ramukan zana. Na buɗe baki na faɗi sunan ɗan farina, da ƙarfi, gaban namiji baƙo. Harshena bai san hanyarshi ba, ya fito kamar sunan wani. Shi ke nan sau ɗayan.

Anka kirawo shi. Dirakta ya zaro wata takarda daga tebur ya miƙa mashi. Abin da ya faru gindin bedi ya sake faruwa, sai dai yanzu ba akuya ke saurare ba, lakkol ce duka. Wani yaro ya yi ƙeh-ƙeh daga bayan zana, dariya ta fashe, mushensu ya daka tsawa. Yayanku bai dube ni ba. Dirakta ya karɓe takardar, ya murza idonshi, fushin ya sauka ya bar gajiya.

"Yara sun fi ƙarfinmu, Madam. Wanda ya amsa da kyau sai mu gode Allah mu wuce ga na gaba." Ya sauke murya. "In na maida shi aji uku, kin san ba ni iya dawo da shi?"

"Na sani."

Aji uku ajin Rabi ne. Ita ta gani, ni ji na yi. Dogon yaro mai fitowar gashin baki zaune can baya cikin ƙanana, gwiwoyinshi sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Ƙaramin Kumandan ya mutu, anka haifi Rediyo. Ko mahauta sun ɗauka: Rediyo, kama mana Yamai. Kakarku ta daina cin abin da na dafa har watan azumi, ta ce macen da ta iya faɗin sunan ɗan fari gaban maza ba abin da ba ta iya sa ma tuwo. Mushen mai tari ya koma sayen wake wurin wata. Matan kasuwa in na zo wucewa sai su ce a gyara tiya, ga mai awon ɗiya nan. Yanzu Rabi ta ce in ƙara da cewa ita ke nuna mashi baƙaƙe bayan rumbu da tsinke, kuma ya ce in ta faɗa ma kowa sai ya karya ta. To na ƙara. Ban sani ba sai yau.

Ya koya. Kafin damina ta biyu ba buhu, ba gwangwani, ba bayan mota da ya tsira daga idonshi. Ya ci sartifika da hannunshi, takardar Yamai ta zo a liƙe ya buɗe ta ya gaishe ta. Sunan masu tafiya kwaleji ya fito, nashi babu, anka ce shekaru. Ubanku ya je ya yi roƙo ya dawo ya kwanta da rana. Wani yaro da ke zaune ƙarƙashin yayanku a tsohon ajinsu, wanda bai taɓa wuce tsakiya ba, ya tsallake ya zama ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, shi ne mai benen nan na hanyar tasha. Duk sa'ad da motarshi ta wuce sai keken ubanku shi tsaya, sa'an nan shi ci gaba. Sau ɗaya ya yi mini maganar, cikin ciwon da ya tafi da shi. Ya ce, Biba, da kin bari mun gwada sa'armu. Na ce Allah ya riga ya rubuta. Wataƙila da yayanku ya tsallake. Tsohon bai ce ba za shi tsallake ba.

Yayanku ya tafi Ikko, ya daɗe ƙwarai. Soja sunka tafi, farar hula sunka zo, soja sunka komo, shi bai komo ba. Da ya dawo ya zauna Sanam, shina sayar da maganin dabbobi, makiyaya na layi wurinshi don shi ke karanta masu kwali shi faɗa masu gaskiyar abin da za su ɗura ma saniya. In ya zo Filinge shi tsaya bakin ƙofa shi ce ina mutanen ɗaki, in ce lafiya lau daga ciki, shi aje abin da ya kawo shi wuce wurin maza. Haka ɗan fari ke yi da uwa, ba wanda za shi ce ya yi laifi. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Ku sauran in kun yi fushi da ni ina gani, in kun huce ina gani. Shi kuwa kunyarshi da fushinshi riga guda suke sawa. Na tsufa ina saurare bakin ƙofar nan, ban san wanne ke gaishe ni ba.

Bara da kaka ya zo da ɗiyarshi ta tsakiya, Hadiza, wadda ake ta cewa ita ke zuwa ta ɗaya. Ina cikin ɗaki ina tsintar wake, don ido ya tafi amma yatsa na gani. Sunka zauna gindin rumbu. Na ji ya ce ta kawo littafinta, ta karanta, muryarta na gudu kamar ruwa. Sai na ji ya ce ya isa, ba ni nan. Na ji ƙarar kwali.

"Karanta wanga."

"Baba, wannan ai na maganin tumaki ne."

"Na sani. Karanta."

Hannuna ya tsaya cikin ƙwarya. Yarinyar ta soma, tana tuntuɓe, ta tsaya, ta koma baya, ta kamo, ta wuce. Ba daɗi a kunne. Duk mai tatsuniya za ta ce wannan ba ta iya ba. Amma na ji idonta na aiki, kalma bayan kalma, har ta kai ƙarshe. Sa'an nan yayanku ya ɗaga murya, ba wajen yarinyar ba, wajen bangon ɗakina.

"A faɗa ma mutanen ɗaki, an kai tiyar baƙo. Ta cika."

Shekarun nan biyu ba su dawo ba, kwaleji ba ta buɗe ba, ubanku na kabari da maganarshi. Na dai ci gaba da tsintar wakena, sai da Hadiza ta shigo ta ce, Kaka, kina zuba masu kyau cikin tsakuwa.

Rabi, aje biron haka nan. Ki karanta ma matan gidan nan, da ƙarfi, ranar da sunka taru. In kin kai Sanam kuwa kada ki karanta mashi. Miƙa mashi takardar, shi ya iya.